ƘARFI ARO NE: ABIN DA WASAN TAMBA HALI KE KOYA WA SAMARIN DAMARGU



A hutun da ya gabata na kai ziyara Tenhya, can arewa da Tanut, inda gonakin Damargu ke ƙarewa, makiyaya ta soma. Ran kasuwa da la'asar na tarar da samari sun yi da'ira ƙarƙashin rumfar mai cajin waya, kawunansu a haɗe bisa waya guda. Da na leƙa sai na ga waɗansu ƙarti sanye da hulunan kwano, an cushe musu kafaɗu, suna karo da juna kamar bijimai a bakin rijiya. Cikin masu kallon har da ɗan yayata, yaro ɗan shekara 16, wanda ke karatu a kwaleji a Tanut, wanda kuma kaka biyu ke nan ba a sami tsaransa da ya kai shi ƙasa ba a kokowar dandali.

Da dare bayan an ci tuwo ya matso kusa da tabarmata, ya ce: "Kawu, ka ga mutumin nan mai lamba 91? An ce ɗan Afirka ne kamarmu, kuma da ƙarfinsa kaɗai ya tara dukiyar da ta fi garken gundumar nan duka. Ni ma Allah ya ba ni ƙarfi. Ina so in bar lakwal in bi kokowa sosai. In na ɗauki takobi, wa ya san inda za ta kai ni?"

Ban tsawata masa ba, domin tsawa ba ta fid da buri daga zuciyar yaro. Na ce masa: "Ɗana, bari in bi labarin mutumin nan tun daga tushe, sa'an nan mu sake zama." Na bi labarin, kuma na ga ya dace in kawo shi a wannan shafi, saboda maganar da aka yi mini bisa tabarma a Tenhya ana yin irinta a gidaje da yawa, daga Balbeji har Gangara da Olelewa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, wanda ya cire yaro mai ƙarfi daga aji da sunan wasa ya cuci yaron kuma ya cuci wasan, kuma labarin mai lamba 91 ɗin shi kansa shaida ne a kan haka.

WANE IRIN WASA NE?

Amurkawa suna kiran wasan nan ƙwallon ƙafa, amma hannu da kafaɗa sun fi ƙafa aiki a cikinsa. Ɗan'uwan zari-ruga ne. Ƙwallon dogo ne mai tsini biyu, filin kuwa tsawonsa yadi 100, wato kimanin mita 91, kuma kowane ɓangare mutum 11 ke shiga. Waɗanda ƙwallo ke hannunsu ana ba su dama huɗu su ci yadi 10 gaba. In sun ci, a sake ba su huɗu, in sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. A cikinsu akwai mutum guda wanda za mu iya kira madugu, domin shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane kai hari, ya zaɓi ko ya jefa wa wani can gaba ko ya miƙa wa mai gudu.

Masu tsaro kuwa sahu uku suke yi. A gaba akwai manyan ƙarti masu tokare ƙirji, a can baya akwai masu ɗan karen gudu, tsakaninsu kuma akwai wanda Amurkawa ke ce wa lainbaka, ma'ana mai tsayuwa bayan layi. Aikina fassara ne, kuma na jima ina juya kalmar nan kafin in tsaya a kan "matari", domin aikinsa tare hanya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ranar shayar da garke ya san irin wannan aiki. Ba wanda ya fi kowa ƙarfi ake sawa a bakin kwalo ba, ana sa wanda ke duban idon sa ya gane ta inda zai ɓalle tun bai ɗaga kofato ba. Babban abin alfaharin matari shi ne ya kutsa ya kayar da madugu tun ƙwallo bai bar hannunsa ba. Ana rubuta wannan kaye a littafi, in kuma mutum biyu suka haɗu suka yi shi, kowa a rubuta masa rabi.

Babbar gasar wasan ita ce NFL, mai ƙungiya 32. Doka ba ta yarda yaro ya shige ta ba sai ya cika shekara uku da gama sakandare, kuma kusan duk ƴan wasanta ta jami'a suka biyo, inda ba a barin ɗalibi ya shiga fili in makinsa na aji ya faɗi. Kowace shekara ana zaɓen sabbin ƴan wasa kimanin 250 kacal daga cikin dubban da ke wasa a jami'o'i. Waɗanda suka ƙididdige abin sun ce cikin ɗari ba a samun biyu da ke tsallakawa. Ga ƙofar da ɗan yayata bai gani a cikin waya ba.

DAGA GBARNGA ZUWA KANSAS

Mai lamba 91 sunansa Tamba Hali. An haife shi ranar 3 ga Nuwamba 1983 a Gbarnga, cikin ƙasar Laberiya. Mahaifinsa malamin kimiyya ne, ya tafi Amurka tun Tamba yana ƙarami. A watan Disamba 1989 yaƙin basasa ya ɓarke, kuma garin Gbarnga ya zama hedikwatar mayaƙan Charles Taylor. Yaron ya ga abin da bai kamata ido ya gani ba, ya kwana daji, daga baya danginsa suka tsallaka da shi Kodibuwa. A 1994, yana da shekara 10, mahaifinsa ya sami takardun ɗauko shi zuwa garin Teaneck a jahar New Jersey. Mahaifiyarsa ba ta sami tafiya ba, kuma sai da aka yi shekara 12 kafin su sake haɗuwa, a 2006, bayan ya zama ɗan ƙasar Amurka.

Abin lura na farko shi ne, yaƙi ya hana shi zama aji, ya isa Amurka karatu bai zauna masa ba. Uban bai kai shi fili ba, aji ya kai shi. A makarantar sakandare ta Teaneck, inda uban ke koyarwa, masu horo suka ga jikinsa suka sa shi wasa. Daga nan jami'ar Penn State ta ɗauke shi, ya yi mata wasa daga 2002 zuwa 2005, kuma a shekararsa ta ƙarshe aka lissafta shi cikin gwanayen ɗaliban ƙasar baki ɗaya. A zaɓen 2006 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi, shi ne mutum na 20 da aka kira sunansa a wannan shekara.

Ya fara ne a sahun gaba, ba matari ba. Shekarar farko ya yi kaye 8, ta biyu 7 da rabi. A 2008 abin ya lalace, ƙungiyar ta ci wasa 2 ta faɗi 14, shi kuwa kaye 3 kaɗai ya samu, har aka fara cewa an yi asarar zaɓe. A 2009 sabbin masu horo suka zo suka sauya tsarin tsaro, suka ce masa ya tashi daga sahun gaba ya koma matari na gefe. Mutum ɗan shekara 25, wanda ya saba duƙawa da hannu a ƙasa ya danna gaba kurum, aka ce yanzu ya tsaya tsaye, ya karanta motsin mutum 11, wani lokaci ya kai hari, wani lokaci ya ja da baya ya tsare mai karɓar jifa. Tsarin wasan kowace ƙungiya a rubuce yake cikin littafi mai kauri, cike da zane da alamomi, kuma ɗan wasa kan yi awoyi a zaune yana nazarin hotunan abokan karawa fiye da waɗanda yake yi a fili. Ƴan wasa da yawa a nan suke tsayawa. Tamba ya zauna ya koya kamar ɗan aji ɗaya. Ya kuma nemi malaman wata kokowa ta ƙasar Barazil mai suna jujitsu, domin ya ƙware wajen kamun hannu da zamewa daga riƙo, abin da kowane ɗan kokowarmu zai gane amfaninsa.

Sakamakon bai jima ba. A 2009 ya yi kaye 8 da rabi, a 2010 ya yi 14 da rabi, babu wanda ya kai shi a rabin gasar da ƙungiyarsa ke ciki. A 2011 aka sabunta masa yarjejeniya ta shekara biyar a kan dalar Amurka miliyan 60, abin da ya haura miliyar 25 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. Wannan ita ce dukiyar da samarinmu suka ji labari, kuma gaskiya ce. Ya yi kaye 12 a 2011, 9 a 2012, 11 a 2013, kuma shekara bayan shekara har 2015 ana zaɓensa cikin wasan gwanaye na ƙarshen gasa.

To, sai a dubi sauran lissafin. A 2014 kaye 6, a 2015 kaye 6 da rabi, a 2016 kaye 3 da rabi, a 2017 ko ɗaya. Gwiwoyinsa sun gaji, an yi masa aiki, ya kai ga ba ya iya horo tare da ƴan'uwansa sai a lallaɓa shi zuwa ranar wasa. A watan Maris 2018 ƙungiyar ta sallame shi yana da shekara 34. Ya bar fili da kaye 89 da rabi cikin shekara 12, kuma a lokacin Derrick Thomas ne kaɗai ya fi shi a tarihin ƙungiyar. A watan Fabrairu 2020, shekara biyu bayan tafiyarsa, Kansas ta ɗauki babban kofin gasar, karon farko cikin shekara 50. Shi da ya riƙe gidan a shekarun wahala bai taɓa kofin da hannunsa a matsayin ɗan wasa ba. A 2024 ƙungiyar ta sa sunansa cikin jerin gwarzayenta.

ABIN DA WAYA BA TA NUNAWA

Tamba Hali yana cikin masu sa'a ƙwarai. Ƙungiyar ƴan wasan NFL ta daɗe tana cewa yawancin waɗanda suka shiga gasar shekara uku da ɗan abin da ya ɗora suke yi a fita da su. Shi ya yi 12, kuma ya fita da hankalinsa da dukiyarsa. Akwai waɗanda suka fi shi suna, ƙarshensu bai yi kyau ba. Junior Seau matari ne da ya yi shekara 20 a fili, daga 1990 zuwa 2009, aka zaɓe shi wasan gwanaye sau 12. A watan Mayu 2012 ya kashe kansa yana da shekara 43. Da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa sai suka tarar da ciwon nan da yawan bugun kai ke haddasawa, wanda suke taƙaita sunansa da haruffan CTE, mai kawo mantuwa da saurin fushi da baƙin ciki. A 2017 masu bincike na jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan wasan NFL 111 da suka rasu, suka sami ciwon a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ba da ƙwaƙwalwar yawanci waɗanda suka riga suka ga alama ne, don haka ba za a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Duk da haka lissafin ya isa ya sa mai hankali tsayawa.

Wani matarin kuma, Chris Borland na ƙungiyar San Francisco, ya yi shekara guda tak a 2014, kowa na yaba shi, sai a watan Maris 2015 ya ajiye hular kwano yana da shekara 24, ya mayar da wani kaso na kuɗin da aka ba shi, ya ce ƙwaƙwalwarsa ta fi masa kuɗin. Abin da ya ba shi ikon faɗin haka shi ne yana da ilmin karanta abin da likitoci suka rubuta, kuma yana da takardar jami'a da zai nemi abinci da ita. Yaron da ba shi da komai sai ƙirjinsa ba ya iya cewa a'a, ko da ya ji jikinsa na gaya masa.

Saboda haka ba ina kira a kawo wannan wasa Damargu ba ne. Kayansa tsada gare su, haɗarinsa kuma babba ne. Ko da NFL ta fara neman samari a Afirka, ta yi sansanin gwaji a Gana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024, waɗanda ake ɗauka ba su fi a ƙidaya da yatsu ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Muna da namu wasan, wanda ya girmi duk waɗannan, kuma a kansa nake son mu yi magana.

TAKOBI ƊAYA, MAZAJE 80

Tun 1975, lokacin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kokowa ta zama abin da ke haɗa ƴan Nijar wuri guda fiye da kowane wasa. In ana gasar, kasuwa kan yi sanyi, kowa na jikin rediyo ko talabijin. Sunayen Kantu da Salma Ɗan Rani da Langa-Langa sun zama sunayen filayen kokowa a Maraɗi da Doso da Damagaram. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida ya zuwa gasar Agadas ta ƙarshen 2023. Babu laifi yaro ya so ya zama kamarsu, kuma ni ma ina cikin masu tashi tsaye in ɗan jahar Damagaram ya yi kaye.

Amma mu yi lissafi irin wanda muka yi wa Amurkawa. Jaha takwas, kowace ta kawo mutum 10, mazaje 80 ke nan, takobi kuwa ɗaya ne. Kafin a kai ga goman nan na jahar Damagaram, sai an tace ƴan kokowar gundumomi duka, kafin gunduma kuma sai an tace na garuruwa da ƙauyuka. Wanda ya ɗauki takobi yakan sami kuɗi da kyaututtuka, sunansa ya shiga bakin makaɗa. Sauran 79 su koma gida da abin da ya samu, dubban da ba su ma kai can ba kuwa babu mai labarinsu. Kokowa ba ta da karon kai irin na wasan Amurka, wannan alheri ne, amma tana cin gwiwa da kafaɗa da ƙugu da wuya, kuma ita ma lokacinta ƙidayayye ne. Kowannenmu ya san wani tsohon ɗan kokowa a garinsu, wanda a da in ya shigo fili mata ke guɗa, yau kuwa ga shi zaune a gindin bango yana jan ƙafa, ba gona mai kirki, ba sana'a, ba ya ko iya karanta takardar maganin da aka rubuta masa. Ba na ambaton suna, domin ranar da yake kayar da maza dukanmu muka yi tafi, ranar da gwiwa ta tafi kuma dukanmu muka watse.

A nan ne Amurkawa suka fi mu dabara, ba a ƙarfin damtse ba. Ɗan wasan da ya cika shekara uku a NFL yana da haƙƙin fansho. Ba kyauta aka ba su ba, ƙungiyarsu ce ta yi ta fafutuka, har da yajin aiki a 1982 da 1987. Kuma duk abin da ɗan wasa ya yi a rubuce yake, shi ya sa ni da ke zaune a Yamai na iya kawo muku kayen Tamba Hali shekara bi shekara har da rabi-rabinsa. Wa zai iya kawo mini a rubuce sunayen waɗanda suka wakilci gundumar Tanut a kokowar jaha shekara 20 da suka wuce, da wanda ya kayar da wane? Abin yana cikin kan tsofaffi da bakin maroƙa, in sun tafi ya tafi.

MASU CEWA LAKWAL BA TA DA AMFANI

Na san abin da za a ce mini, domin mijin yayata ya riga ya faɗa mini shi a Tenhya. Ya ce: "Malam, ga masu takardu nan birjik a Damagaram suna tuƙa kabu-kabu. Yaron nan in ya bar aji, ko bai ɗauki takobi ba zai ja guga, ya bi raƙuma, ya ci abinci. Wanda ya yi shekara goma a lakwal kuwa ya manta kiwo, aikin gwamnati kuma bai samu ba." Maganarsa tana da nauyi, kuma wanda ya raina ta bai san karkara ba. A yankin makiyaya makaranta tana da nisa, iyali suna tashi da dabbobi lokacin da aji ke buɗe, yaron da ya ci jarrabawa kuma sai ya bar gida ya zauna hannun wani a birni, sau da yawa da yunwa.

Amsata ita ce, ban ce takarda za ta ba kowa ofis ba. Zamanin wannan ya wuce. Amma makiyayin da ya iya karatu shi ke karanta kwanan watan da ke jikin kwalbar allurar dabbobi, shi ke duba farashin kasuwar Tanut a waya kafin ya kora bisashensa, shi ne kuma ba a sa shi ya dangwala yatsa a takardar rijiya bai san abin da ke ciki ba. Ɗan kokowar da ya iya karatu shi ke sanin abin da aka rubuta in wani mai shirya wasa ya gayyace shi Najeriya ko Senegal, shi ke iya zama alƙalin wasa ko mai horo ranar da jiki ya ce ya isa. Akwai makarantar horar da malaman wasanni ta ƙasa a Yamai, amma ba ta karɓar mutum da kirari, sai da takarda. Ƙasarmu ta ga Isaka Dabore ya kawo lambar tagulla ta dambe daga wasannin Olimpik na Munich a 1972, ta ga Abdul Razak Alfaga ya kawo ta azurfa a taikwando daga Riyo a 2016. Jikin ɗan Nijar ya isa ko'ina a duniya. Abin da ke ƙaranci shi ne hanyar da za ta kai shi can ba tare da ta raba shi da allo ba.

Kuma laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Mu da muka fito makarantar horon malamai mun san an koya mana darasin motsa jiki, amma da yawanmu in mun je ƙauye mukan mai da sa'arsa ta shara ko ta ɗebo ruwa. Yaro mai ƙarfi yana zaune a bayan aji, ba a taɓa yaba masa da abin da ya iya ba, kullum sai abin da ya kasa ake nuna masa. Ranar da dandali ya yi masa tafi, ina dalilin da zai sa ya dawo? Tamba Hali ya zauna aji ne domin a can filin yana cikin makaranta, kuma ƙofar filin ta cikin aji ta bi.

ABIN DA ZA MU IYA YI DA HANNUNMU

Ba sai mun jira miliyoyi ba. Filin kokowa rairayi ne da buhuna, rairayi kuwa Allah ya hore wa Damargu. Ina roƙon malaman makarantu da hukumomin gundumomin Tanut da Balbeji su duba yiwuwar shirya gasar kokowa ta ƴan makaranta kowace shekara bayan kaka, aji da aji, gari da gari, bisa sharaɗi guda: ba mai shiga fili sai wanda sunansa ke cikin littafin kiran suna kuma yana zuwa. A raba yara bisa nauyi da shekaru, kada a haɗa ɗan 13 da ɗan 18. A gayyato tsofaffin ƴan kokowa su zama masu horo, a ba su ɗan abin goro daga asusun iyayen yara. Da haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, yaro ya zauna aji, tsoho kuma ya sami mutunci da abin sawa a baka.

Ina roƙon magadan gari su sa a buɗe littafi a kowace ma'aikatar magajin gari, a riƙa rubuta sunan duk wanda ya wakilci garin, da shekarar, da sakamakon. Littafi guda da alƙalami bai kai jika biyu ba. Daga kuɗin shiga kallo kuma a ware wani kaso, komai ƙanƙantarsa, a ajiye don jinyar wanda ya ji rauni a fili. Kada a buga gangar kokowa ko ta dambe a gari sai an sanar da ma'aikacin lafiya na wurin. Wanda ya faɗi ta kai har ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya rasa inda yake, kada a bar shi ya koma fili a ranar, ko makaɗa sun fasa ganga da zuga. Amurkawa sai da suka binne mazaje kafin su koyi wannan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga iyaye kuma, musamman ƴan'uwana makiyaya, ba a ce ku hana yaro kokowa ba. Ku bar shi ya yi, ku je kallo, ku yi masa addu'a. Amma ku ƙulla sharaɗi da shi cewa walki da allo tare za su tafi.

Kafin in baro Tenhya na sake zama da ɗan yayata. Na karanta masa lissafin nan tun daga kaye 8 na 2006 har zuwa babu na 2017, na tambaye shi shekarun mutumin ranar da aka sallame shi. Ya ce 34. Na ce: "To, ɗana, kai yau 16 gare ka. In Allah ya ba ka irin sa'arsa, wadda cikin dubu ba a samun ɗaya, kana da shekara 18 a fili. In kuma ya ba ka tsawon ran kakanka, saura shekara 40 bayan nan. Da me za ka ci su?" Ya yi shiru yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce: "Kawu, in na koma Tanut, za ka yi wa mushe magana ya bar mu mu yi kokowa ran Laraba da yamma?" Na ce zan rubuta masa, kuma zan rubuta a inda sauran malamai za su gani.

Ga shi na cika alkawari. Saura ya rage ga malamai da magadan gari da iyaye. Allah ya raya mana samarinmu, ya ba su ƙarfi mai amfani da ilmi mai albarka, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai kyau. Amin.